An rushe dam huɗu a Kogin Klamath, amma inuwa ba ta dawowa dare ɗaya

Jama'a, tun 2024 nake bin labarin Kogin Klamath, wanda ya taso daga jihar Oregon ya ratsa arewacin Kalifoniya a Amurka. Da farko na ɗauka da zarar an rushe dam, shi ke nan kogi ya warke. Ashe akwai sauran aiki.

A 1918 aka kammala dam ɗin Copco 1 don samar da lantarki, daga baya aka ƙara wasu uku. Dam-daman nan suka tare hanyar kifin salmon, wanda yake baro teku ya hau kogi don ya yi ƙwai. Ruwan da aka tare ya zama tafki, rana na dukansa wuni guda, ya ɗumame, gansakuka mai guba ta rufe shi. Shi kuwa salmon kifin ruwan sanyi ne. Idan zafin ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Selshiyos sai ya fara galabaita, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, cututtuka kuma sun fi yaɗuwa a cikinsa. A Satumbar 2002, ruwa ya yi ƙasa kuma ya yi ɗumi, kifi sama da 30,000 suka mutu. Ga ƙabilun Yurok da Karuk, wannan abincinsu ne da al'adarsu suka ga suna ruɓewa a bakin gaɓa. Suka shafe shekaru suna gwagwarmaya, har aka rushe dam huɗun tsakanin 2023 da 2024. A Oktoban 2024 aka sake ganin salmon a ɓangaren Oregon, bayan fiye da shekara ɗari.

To, da tafkunan suka janye, me aka samu? Fili fetal na laka, babu ko bishiya. Rafin da ke bi ta irin wannan wuri, in ba shi da zurfi, rana ce ke gasa shi kai tsaye. Shi ya sa ma'aikatan Yurok suka shiga shuka ciyayi da itatuwan asalin yankin. Ganye yana tare hasken rana kafin ya taɓa ruwa, saiwa tana riƙe gaɓa kada ta zaizaye rafin ya baje. Inuwar ta fi tasiri a ƙananan rafuka, inda rassa ke iya rufe saman ruwa gaba ɗaya. Babban kogi ya fi ƙarfin inuwar gefe, sanyinsa daga waɗannan rafukan yake zuwa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne lokaci. Rushe dam ya ci watanni, bishiya kuwa sai ta yi shekaru kafin inuwarta ta kai ruwa. Wanda duk ya sare itace a bakin rafi don gawayi, ya lissafa shekarun nan tukuna.