Birnin Gwari da dajin Kamuku: Abin da mai yawon buɗe ido zai so ya sani

Idan aka ambaci Birnin Gwari a labarai, abin da kan fara zuwa zukatan masu sauraro shi ne 'yan bindiga da satar mutane. Sai dai tun kafin sunan ya shiga kanun labarai, yankin ya yi fice ne da dajinsa, wanda ke cikin dazuzzuka ƙalilan da gwamnatin tarayyar Najeriya ta keɓe domin kare namun daji da kuma karɓar baƙi masu yawon buɗe ido.

Garin yana kimanin kilomita 120 yamma da birnin Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ke bi ta Tegina ta nufi Legas. Ƙaramar hukumar ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun zarce 250,000. Ma'ana, ƙasa ce mai yalwa wadda daji ya ci kaso mai tsoka daga cikinta.

Asalin gandun

A shekarar 1936 aka keɓe dajin a matsayin gandun daji na hukumar En'e ta Birnin Gwari, lokacin mulkin Turawan Ingila. Daga bisani ya koma wurin adana namun daji a hannun gwamnatin jiha, sannan a watan Mayun 1999, a ƙarshen mulkin soja na Janar Abdulsalami Abubakar, aka ɗaukaka shi zuwa gandun namun daji na ƙasa, tare da na Okomu da ke jihar Edo.

Sunansa ya samo asali ne daga al'ummar Kamuku, waɗanda su da Gwarawa suka daɗe suna noma da farauta a wannan yanki, suna kuma ginin tukwane da saƙar tabarmi.

Faɗin gandun ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120. Bai kama ƙafar Gashaka-Gumti na jihohin Taraba da Adamawa ba, wanda ya ninka shi kusan sau shida. Amma Kamuku ba shi kaɗai yake tsaye ba. Kogin Mariga ne kawai ya raba shi da dajin Kuyambana na jihar Zamfara, kuma ga dabba, daji ɗaya ne mai kogi a tsakiya.

Dajin doka

Wanda ya saba da ƙasar Kano ko Katsina, inda ido ke hango nesa a tsakanin gawo da kuka, zai tarar da wata duniya dabam a nan. Ruwan sama ya fi yawa, ciyawa kan fi tsawon mutum da damina, kuma itacen da ya mamaye wurin shi ne doka. Tare da ita akwai baushe da taura da maje da ƙirya da madobiya, ga kaɗanya da ɗorawa waɗanda mutanen ƙauye ke samun man kaɗe da daddawa daga gare su. A bakin rafuka kuwa itatuwa kan yi duhu, su haɗa kai su zama kurmi.

Irin wannan daji ya taɓa shimfiɗuwa daga yamma zuwa gabas a tsakiyar arewacin Najeriya. Gatari da garma da buhun gawayi sun cinye mafi yawansa. Darajar Kamuku a wajen masana tsirrai ita ce yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda za a ga yadda ƙasar take kafin a sare ta.

Duwatsu da ruwa

Wurare uku ne aka fi ambata wa baƙo.

Na farko shi ne Goron Dutse. Ba unguwar nan ta birnin Kano ba ce, suna ne ya zo ɗaya. Wannan wani ƙaton dutse ne guda, mai sulɓi, wanda ya tashi shi kaɗai a tsakiyar daji, jikinsa da zane-zanen baƙi da fari kamar an tsara su da gangan. Masana ƙasa sun ce irin waɗannan duwatsu ragowar tsohon dutse ne mai tauri, wanda ruwa da iska suka zaizaye abin da ke kewaye da shi tsawon miliyoyin shekaru suka bar shi tsaye. Dangin Dutsen Zuma ne na kusa da Abuja da Kwatarkwashi na Zamfara. Wanda ya hau kansa zai hango saman itatuwa iyakar ganinsa.

Na biyu shi ne Tsaunin Rema, tarin manyan duwatsu da suka hau kan juna, waɗanda remaye suka mayar da ramukansu gida. Rema dai 'yar dabba ce da ba ta fi zomo girma ba sosai, mai gajerun kunnuwa, wadda kan fito da hantsi ta kwanta a kan dutse tana shan rana, ɗaya daga cikin garken kuma na tsaye yana gadi. Abin mamaki shi ne masana halittu sun tabbatar cewa a cikin dabbobin tudu, giwa na daga cikin danginta mafi kusa. Shaidar tana cikin tsarin haƙoranta da faratan ƙafarta. Mai haƙurin zama shiru na rabin sa'a a gindin tsaunin ya fi mai gaggawa ganin abin kallo.

Sai kuma Dogon Ruwa, inda ruwa ke gangarowa daga kan duwatsu, irin abin da Bahaushe ke kira matsirga. Ya fi armashi a ƙarshen damina, lokacin da rafuka suka cika.

Namun daji da tsuntsaye

Jerin dabbobin da aka rubuta a gandun a shekarun da aka ɗaukaka matsayinsa ya haɗa da gwanki da kanki da mazo da gada da gadu, da gwaggon biri da jan biri. A wancan lokaci akwai kuma ɗan ƙaramin garken giwaye da ke kai da komo tsakanin Kamuku da Kuyambana, wanda a wasu lokuta kan shiga gonakin ƙauyukan da ke gefe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, idan aka yi la'akari da cewa shirin kare giwaye da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2024 ya ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a duk faɗin ƙasar ba su wuce 300 zuwa 400 ba.

Gaskiyar magana ita ce Kamuku bai taɓa zama kamar Yankari ba, inda baƙo zai zauna a mota dabbobi su zo bakin kogin Gaji ya kalle su. A dajin doka ganye kan rufe ido, dabbobin kuma sun san maharba. Ƙarfin Kamuku yana wajen tsuntsaye ne. An ƙidaya aƙalla iri 177, kuma ƙungiyar BirdLife International ta sanya shi cikin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye. Daga cikinsu akwai tuje, da kuma burtu, babban baƙin tsuntsun nan mai tafiya a ƙasa, wanda maharban Hausa kan sassaƙa siffar kansa su ɗaura a goshi, su sunkuya suna kwaikwayon tafiyarsa har su kusanci nama. Burtu ba ya hayayyafa da sauri, kuma yana buƙatar manyan itatuwa masu kogo domin yin sheƙa. Don haka inda aka same shi, alama ce cewa dajin na da sauran lafiya.

Ga mai kallon dabbobi, rani ne lokaci, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, hanyoyin cikin daji suka buɗe, dabbobi kuma suka taru inda ruwa ya rage. A watannin hunturu tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai kan ƙaru a kan na gida. Da damina kuwa laka kan hana mota shiga.

A wajen gandun akwai madatsar ruwa ta Bagoma da ke shayar da garin, da kuma tsohuwar Birnin Gwari, mazaunin masarautar na da, inda aka haƙi zinariya tun zamanin Turawa.

Yadda daji ya sauya hannu

Abubuwan da suka sa wurin ya yi kyau ga baƙo, wato duhun itatuwa da maɓoyar duwatsu da haɗewarsa da dazuzzukan jihohin maƙwabta, su ne suka sa ya dace da ɓarayin shanu, daga baya kuma da masu garkuwa da mutane.

A watan Oktoban 2012 'yan bindiga suka kashe kimanin mutum 20 a ƙauyen Dogon Dawa, wasunsu suna fitowa daga sallar Asuba. A 2015 gwamnonin jihohin da suka kewaye dajin suka haɗa kuɗi domin ɗaukar nauyin farmakin jami'an tsaro a Kamuku da Kuyambana, aka ƙwato dubban shanu, amma ɓarayin suka sake dawowa. A watan Mayun 2018 aka kashe sama da mutum 40 a ƙauyen Gwaska, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta amince da kafa bataliyar soja a yankin. Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya sha fitowa fili a waɗannan shekaru yana kokawa kan halin da talakawansa ke ciki. Ƙungiyar Ansaru ma ta samu wurin zama a dazuzzukan yankin, kuma a watan Fabrairun 2020 'yan sanda suka kai hari kan sansaninta a dajin Kuduru.

A 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta hana cin kasuwannin mako-mako da sare itatuwa domin sayarwa a ƙaramar hukumar, aka kuma katse layukan wayar salula na tsawon makonni. Tafiyar da ba ta wuce sa'o'i biyu ba daga Kaduna ta koma sai da rakiyar jami'an tsaro. A irin wannan yanayi babu maganar baƙo mai kyamara. Su kansu masu gadin dajin, waɗanda aka horar domin kama mafarauta da masu saran itace, sun tarar da mutanen da suka fi su makamai nesa ba kusa ba.

Bayan sulhu

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi wasu 'yan bindigar da suka ce sun tuba, ya kuma buɗe kasuwar kara ta dabbobi wadda ta shafe kusan shekara goma a rufe. A watannin da suka biyo baya manyan motoci sun koma bin hanyar, manoma da dama kuma sun koma gonakin da suka yi watsi da su.

Ra'ayi ya rabu kan wannan sulhu. Masu goyon baya na nuni da hatsin da ya sake shigowa kasuwa. Masu suka kuma na tunatar da cewa an gwada irinsa a Zamfara da Katsina a 2019, ya kuma wargaje.

Buɗe kasuwa dai ya fi buɗe gandun daji sauƙi. Kasuwa tana bakin titi ne, ita kuwa rema da burtu suna can ciki, inda sai an gyara hanyoyi da masaukin baƙi, an kuma sake ƙidayar abin da ya rage na dabbobi bayan shekarun da aka yi ana kiwo da harbi ba mai tsawatarwa. Gandun na ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandayen Namun Daji ta Ƙasa ne, kuma doka ta hana shiga ba da izininta ba. Duk mai niyyar zuwa, wajibi ne ya fara tuntuɓar hukumar, ya ji ta bakin jami'an tsaro game da halin da hanya take ciki a wannan makon, sannan ya shiga da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun.