Ranar da Aka Ajiye Alli



Duk wanda ya saba karanta tarihin manyan mutanenmu a jaridu da mujallu ya san yadda muke rubuta shi. An haife shi a gari kaza, ya yi elementare, ya yi midil, ya riƙe muƙami kaza da kaza, ya taka rawar gani, ya rasu ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Idan ka cire sunan ka sa wani, da wuya mai karatu ya lura. Yau muna so mu duba rayuwar wasu mutane na ƙarni na 20, sojoji da 'yan siyasa da likitoci da masu jinya da masana kimiyya, mu nemi abin da irin wancan rubutun yake tsallakewa. Kusan kowannensu yana da sana'ar da ya koya, ya kuma iya, sannan wata rana ƙasa ta kira shi ya bar ta ya koma ofis. A wannan ranar labarin yake.

Mu fara da namu, marubuci. An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912, ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933 ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi. A daidai lokacin ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da sauransu. Matashin malamin nan ya shiga da Shehu Umar. Shekarunsa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Daga nan sai hanya ta karkata. Ya je Landan ƙaro ilmin koyarwa a 1945, ya dawo ya shiga majalisa, a 1950 ya tsaya a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, a 1952 ya zama ministan ayyuka a Legas, a 1957 ya zama Firayim Minista. Tarihin siyasa ya riƙe duk wannan. Mu marubuta akwai abin da ya kamata ya tsaya mana a rai: bai ƙara fitar da wani ƙagaggen labari ba. Najeriya ta samu shugaba, adabin Hausa ya tashi da littafi ɗaya tak daga alƙalamin da ya nuna zai iya yin goma.

Me ya sa haka? Dalilin yana cikin ƙidaya. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce daga baya aka raɗa wa suna Barewa. Tsawon shekaru ita ce babbar makarantar gwamnati da yaran Arewa ke kaiwa, kuma ɗalibai ƙalilan take ɗauka a shekara, akasari don su zama malamai. Jami'a kuwa babu ita a Najeriya sai 1948 da aka buɗe ta Badun, Arewa ba ta samu tata ba sai 1962. To, da guguwar mulkin kai ta taso, aka buƙaci 'yan majalisa da ministoci da manyan sakatarori da hafsoshi a lokaci guda, ina za a samo su? Sai aka shiga azuzuwa ana zare malamai. Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950 ya rungumi NEPU. Shehu Shagari, wanda ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya shiga Majalisar Wakilai a 1954. Shi kansa Sardauna da koyarwa ya fara a Raba. Riga ɗaya ce ake yi wa mutane da yawa, duk wanda ya sa ta, wani wuri ya zauna tsirara.

Asibiti ma bai tsira ba. Dokta Barau Dikko, wanda babban asibitin nan na Kaduna ke ɗauke da sunansa, shi ne likitan zamani na farko daga Arewa. An haife shi a 1912, ya tashi a makarantar mishan ta Wusasa, ya wuce King's College a Legas, ya yi karatun likita a Birmingham ta Ingila. Ka yi tunanin yanki mai faɗin Arewa da ɗan ƙasa likita guda. Duk da haka, da 'yan boko suka fara taruwa a Zariya da Kaduna a 1948 don kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi aka sa gaba, ya zama shugabanta na farko. A 1951 ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, doka kuma ta hana ma'aikacin gwamnati siyasa. Nan ya zaɓa: ya sauka, ya riƙe aikinsa. Wannan zaɓin shi kaɗai ya isa babi guda a littafi. Amma ƙasa ba ta ƙyale shi ba. A 1967 Gowon ya kira shi Legas, aka ba likita ma'aikatar ma'adinai da lantarki.

Irin wannan ta faru da Ishaya Audu, ɗan Anchau, wanda aka haifa a 1927. Likita ne, ya ƙware kan cututtukan yara, ya kuma yi wa Sardauna likita. A 1966, shekarar da komai ya rikice, aka damƙa masa Jami'ar Ahmadu Bello, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, ya riƙe har 1975. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Azikiwe a jam'iyyar NPP, ba su ci ba, amma ƙawancen da aka ƙulla da NPN ya sa ya zama ministan harkokin waje. Juyin mulkin ƙarshen 1983 ya kai shi tsare. Bayan duk wannan zagaye, sai ya koma Samaru ya ci gaba da duba marasa lafiya. Mai rubuta tarihinsa da ya tsaya kan muƙamai zai ce tauraronsa ya dushe bayan 1983. Mai lura kuwa zai ga mutum ne ya koma gida.

Wanda ya gaje shi a jami'ar shi ne Iya Abubakar, ɗan Belel a ƙasar Adamawa, haihuwar 1934. Ya fita da sakamako mafi daraja a lissafi daga Badun, ya yi digirin digirgir a Kambirij, bincikensa a kan yadda girgiza ke tafiya cikin ƙasa da duwatsu. Ya zama farfesa yana matashi. Ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, shekarar tarzomar ɗalibai da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilmi na lokacin. A 1979 Shagari ya ba shi ma'aikatar tsaro, daga baya ya yi sanata daga 1999 zuwa 2007. Mu tambayi kanmu da gaskiya: a cikinmu wa zai iya bayyana wa ɗan sakandare, da Hausa, abin da wannan mutum ya bincika? Mun san ministan, mun san sanatan. Masanin lissafin ya ɓace mana, alhali shi ne ba a samun irinsa a kowace shekara.

Sai sojoji. Su hanyarsu ta bambanta, domin siyasa ce ta je ta same su a bariki, wasu kuma su suka fito suka same ta. Zakariya Maimalari, haihuwar 1930, ya fito daga kwalejin nan ta Zariya ya tafi Sandhurst, ya zama hafsa a 1953, cikin 'yan Najeriya na farko da suka bi ta wannan makaranta. Ya yi aikin wanzar da zaman lafiya a Kwango, ya kai Birgediya. Bai taɓa riƙe ofishin siyasa ba, soja ya koya, soja ya yi. A daren 15 ga Janairu 1966 ƙananan hafsoshi suka kashe shi a Legas, cikinsu har da wanda ke aiki kai tsaye a ƙarƙashinsa. A wannan juyin mulkin aka kashe Kanar Kur Muhammad da Laftanar-Kanar Abogo Largema da Laftanar-Kanar James Pam, tare da Sardauna da Tafawa Ɓalewa da wasu shugabanni da hafsoshi daga Kudu. Manyan hafsoshin da Arewa ta shafe fiye da shekara goma tana raino suka tafi kafin gari ya waye.

Gurbin da suka bari shi ya jawo na bayansu. Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, ya wayi gari gwamnan Jihar Arewa yana da shekara 32. Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ya bi ta Zariya da Sandhurst, ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Agusta 1966 yana da shekara 31, bai ko yi aure ba. Sarrafa bataliya aka koya masa, sai ga shi da ƙasa mai shirin tsagewa da yaƙin basasa na wata 30. Abin da ya yi bayan an kifar da shi a 1975 yana da ban sha'awa: ya shiga Jami'ar Warwick a matsayin ɗalibi, ya karanta kimiyyar siyasa har ya yi digirin digirgir. Ya yi mulki shekara 9, sannan ya zauna a aji ya koyi yadda ake yinsa. Da a ƙagaggen labari muka rubuta haka, da an ce mun cika ƙari.

Mun bar masu jinya a ƙarshe, kamar yadda tarihi ya saba barin su. Akwai ɗaya da sunanta ya tsira, Kofoworola Pratt, 'yar Legas. Ita da alli ta fara, ta koyar a makarantar 'yan mata, sannan a 1946 ta shiga makarantar jinya ta Nightingale a asibitin St Thomas na Landan. Ta dawo gida a 1954 ta kama aiki a asibitin koyarwa na Badun, lokacin manyan kujerun jinya suna hannun Turawa. Sai da ta yi shekara 10 kafin ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci masu jinya na asibitin, a 1964. Daga nan ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta tarayya, a 1973 kuma kwamishinar lafiya ta Jihar Legas. An rubuta littafin tarihinta tun tana raye. Amma mu lura, ita ma sai da ta hau kujera aka waiwaye ta.

To waɗanda ba su hau ba fa? Ku duba dantsen iyayenmu da kakanninmu, za ku ga tabon lamba. Daga 1967 aka ƙaddamar da gangamin kawar da agana da rage ƙyanda a Afirka ta Yamma, aka kuma ci gaba da shi har cikin yaƙin basasa. Ma'aikatan lafiya suka bi gari-gari da ƙauye-ƙauye da na'urar allura mai kama da bindiga, suna tara jama'a a ƙofar fadar hakimi da dagaci da bakin kasuwa. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Najeriya, cutar da ta shekara aru-aru tana kisa tana makantarwa. Wannan nasara ba ta gaza kowace nasarar fagen daga ba. Amma wa ya san sunan malamin asibitin da ya yi wa ƙauyensu lamba? Haka unguwarzomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, haka nas ɗin da ta kwana a kan masu sanƙarau a Kano a 1996. Su ne suka tsaya kan sana'ar da suka koya har suka yi ritaya, kuma saboda sun tsaya ɗin ne ba mu rubuta su ba. Ma'aunin da muke amfani da shi muƙami yake aunawa.

Ba muna zargin waɗanda suka amsa kira ba ne. Da Tafawa Ɓalewa da Dikko da Ishaya Audu sun ƙi, da wasu ne daga wani wuri za su cike guraben, kuma tsoron hakan shi ne ya tsaya wa shugabannin Arewa a wuya a shekarun 1950. Abin da muke cewa shi ne kowane naɗi yana da farashi, kuma akwai wanda ya biya: ajin da ya rasa malami, ɗakin yara da ya rasa likita, ɗalibin lissafi da ya rasa mai duba aikinsa, mai karatu da ya jira littafi na biyu bai zo ba. Marubucin da ya ga naɗin bai ga farashin ba, rabin labari ya kawo.

Saboda haka ga aikin da muke ba kanmu. Idan za mu rubuta tarihin wani babba, mu fara tambayar me ya koya da farko, wa ya koya masa, kuma yaushe ya bari. Mu nemi ranar, mu nemi wanda ya kawo saƙon, mu ji abin da iyalinsa suka ce. Mu daina cewa ya taka rawar gani, mu faɗi rawar. Idan masanin kimiyya ne, mu daure mu fahimci bincikensa har mu iya faɗinsa da Hausar da kakarmu za ta gane. Kada kuma mu ƙara gishiri a inda ba mu da tabbas, domin abin da muka rubuta yau shi wani zai ɗauka hujja gobe.

Na biyu ya fi gaggawa. Manyan da muka ambata suna da takardu a gidan adana tarihi na Kaduna da Gidan Arewa, za su jira mu. Tsohuwar nas ɗin unguwarku ba ta da fayil a ko'ina, kuma wadda ta fara aiki a 1967 yau ta haura saba'in da biyar. A cikin makon nan kowannenmu ya nemi mutum ɗaya irin wannan, nas ko unguwarzoma ko malamin asibiti ko tsohon soja da bai wuce saje ba. A je da ladabi, a nemi izini, a kunna rikoda a waya, a tambaye shi ranarsa ta farko a bakin aiki da ranar da ta fi masa wuya. A rubuta shafi biyu, a karanta masa ya gyara kafin a fitar.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya. Sai mun ga shafukanku.