Hirar Waya a Majalisa, Daga Zamanin Econet Zuwa Yau

A farkon shekarar 2001 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali mutanen ƙasar sun haura miliyan 120. Wanda ke da tarhon NITEL a falonsa babban mutum ne. Maƙwabta su ba 'yan uwansu na nesa lambarsa, in an bugo a aiki yaro da gudu ya kirawo mai kiran. Ba a jin wani yana cewa wannan tarho ya fi wancan, don babu wancan ɗin.

A watan Janairun shekarar ne hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285, kuma zuwa watan Agusta Econet da MTN sun fara aiki. Daga nan aka samu wani sabon fannin sani wanda ba a makaranta ake koyonsa ba. A teburin mai shayi ake tattauna shi, da tashar mota, da ƙofar masallaci bayan la'asar. Mafi yawan wayoyin da aka saya a ƙasar Hausa tun daga lokacin, ba talla ce ta sayar da su ba. Wani ne a majalisa ya ce, "Alhaji, kar ka sayi wannan, ba ta riƙe caji."

Muhawarar farko ma ba a kan waya aka yi ta ba, a kan layi ce. Layi kaɗai ya kai naira 20,000, wani wurin ya fi haka, kiran minti ɗaya kuma naira 50 ko da sallama kawai ka yi sabis ya ɗauke. Saboda haka tambayoyin su ne: wane layi ke kamawa a garinmu, wanne ya fi zuƙe kati? A ƙauyuka an san tudu ko bishiyar da ake hawa don a samu sabis. Wanda bai da waya ya je wurin masu lema a bakin titi, ya biya ya yi kira idonsa na kan agogo. Filashin ya zama hanyar aika saƙo mai dokokinta: ƙarami ke yi wa babba, talaka ke yi wa mai hali, amma saurayin da ya yi wa budurwa ya zubar da girmansa.

Gunagunin majalisa ya taɓa yin aiki. A watan Agustan 2003 Globacom ta Mike Adenuga ta shigo da lissafin kira da daƙiƙa, abin da aka daɗe ana gaya wa jama'a cewa lokacinsa bai yi ba. Ranar 19 ga Satumba kuma ɗimbin masu waya suka kashe wayoyinsu don nuna fushi kan tsada da rashin ingancin sabis. Ba a jima ba sauran kamfanonin suka bi sahun Glo. Econet kuwa ta yi ta canza hannu da suna, daga Vmobile zuwa Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, amma dattawa da yawa sun ci gaba da kiran layin da sunan da suka saye shi, ba ruwansu da wanda ya sayi kamfanin.

Majalisar da ke ba da shawara mai kyau ita ce kuma ke haifar da jita-jita. A 2004 labari ya bazu cewa akwai wata lamba da in ta kira ka ka ɗauka sai jini ya ɓalle maka ka mutu, har sai da kamfanoni suka fito suka ƙaryata. Kowa ya san wanda ya san wanda abin ya faru da shi, amma babu wanda ya je jana'izar. Irin wannan ta sake dawowa a 2020, da aka alaƙanta cutar korona da turakun 5G, a lokacin da ba a ma fara sayar da 5G ɗin a Najeriya ba.

Sai zamanin Nokia, wanda har yau in aka ambace shi fuskoki kan saki. Ana yabon 3310 da cewa in ta faɗi sai dai ka tattara murfi da batir ka haɗa, ta ci gaba da aiki. Amma wadda ta fi shiga zukata ita ce 1100 da ta fito a 2003, wadda aka sayar da fiye da miliyan 200 a duniya. Sirrinta bai wuce abu biyu ba: tana kwanaki ba a yi mata caji ba, kuma tana da tocila a ka. A garin da NEPA ke ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ita ake neman takalmi a ƙofar masallaci da asuba, da ita mai shago ke ƙirga canji. A wannan zamani ne ma'aunin Bahaushe na waya ya kafu: ta riƙe caji, ta jure faɗuwa da ƙura, a ji maganarta a cikin hayaniyar kasuwa, in ta lalace a samu kayanta. Duk wanda ya taɓa barin wayarsa a shagon mai caji, cikin wayoyi hamsin da ke jere kan allo ga janareta na ruri, ya san dalilin da ya sa caji ke zuwa farko.

Da wayoyin Sin suka fara shigowa, dariya aka yi musu. 'Yar caina ita ce mai ƙarar da in ta yi ringin a sahu sai liman ya ji, mai eriya da talabijin, mai fitilu kala-kala, wadda ba ta cika shekara. Mai riƙe da ita kan ɗan ɓoye ta a gaban masu Nokia. Masu dariyar ba su lura da abu ɗaya ba: tana ɗaukar layi biyu, wata ma uku. Lokacin kira daga wannan layi zuwa wancan ya fi tsada, kuma babu layin da za ka dogara da shi ko'ina, shi ya sa ɗan kasuwa ke yawo da waya biyu ko uku a aljihun gaban riga. Wani kamfani na birnin Shenzhen, wanda yau ake kira Transsion, ya fahimci wannan. An kafa shi a 2006, ya mayar da hankalinsa kacokan kan Afirka da wayar Tecno, daga baya ga itel da Infinix. Ya ba da layi biyu, da batir mai girma, da kyamarar da aka saita don baƙar fata ta fito sosai a hoto, da wuraren gyara, da farashin da malamin firamare zai iya. Zuwa 2017 ya zarce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Ita kuwa Nokia ta riga ta miƙa wa Microsoft sashen wayoyinta tun 2014. A ganina babu kamfanin da ya saurari hirar teburin mai shayi kamar wannan, ko da kuwa ba da kunnensa ya ji ba.

BlackBerry ta yi nata tashen a wajajen 2010 zuwa 2013, lokacin da tambayar lambar fin ɗinta ta zama hanyar gane waye waye a jami'a. Ta zo da alfahari ta tafi ba a yi mata zaman makoki ba. Talakawan matasa kuwa 2go suke yi, wata manhajar Afirka ta Kudu da ke tafiya a ƙananan wayoyi da 'yar data kaɗan, suna buɗe intanet da Opera Mini saboda tana matse shafi ta rage ci. A nan wani ra'ayi na daban ya shigo, na iyaye da malamai. An yi wa'azi a kan kiran dare na kyauta da ke hana 'yan mata barci, an yi a kan ɗakunan hirar 2go, an yi a kan Facebook, yau ana yi a kan TikTok. Ƙorafin bai canza ba, kuma ba duka ne ƙarya ba. Sai dai da yawa daga malaman da suka yi shi yanzu karatunsu kai tsaye yake zuwa a Facebook ɗin.

Canji mafi girma bai zo da wata sabuwar waya ba. A 2013 WhatsApp ta sa maɓallin da za ka danne ka yi magana ka tura. Kafin nan intanet ta masu boko ce. Bayan nan tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba tana aika wa ɗanta da ke Kurmi ko Makka saƙon minti biyar, da gaisuwa da addu'a da sautu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ɗauki hoton atamfa ya tura wa abokin cinikinsa a Maraɗi ko Damagaram, a yi ciniki a gama da murya. Marubuta littattafan soyayya suka koma sakin labari shafi-shafi a guruf. Google ta sa Hausa a manhajarta ta fassara a ƙarshen 2013, Facebook ma ta sa a 2016, an yi murna, amma ban ga waɗannan sun taɓa rayuwar mutane kamar saƙon murya ba. A gefe guda kuma masu tura fim da waƙa a memori, da Bluetooth da Xender, sun durƙusar da kasuwar faifai, har Kannywood ta koma fim mai dogon zango a YouTube.

A farkon 2023, bayan Babban Banki ya canza fasalin naira takardun kuɗi suka yi ƙaranci, hirar ta koma kan manhajar banki. OPay da PalmPay da Moniepoint, waɗanda ake yi wa kallon ba bankuna ba ne tunda ba a ga dogon gininsu ba, sai ga mai nama da mai kayan miya suna cewa a tura ta can, don alat ya fi saurin shigowa. Abin da ya faru da 'yar caina ne ya sake faruwa, cikin 'yan makonni.

Yau musu ya fi zafi tsakanin masu iPhone da masu Android, kuma rabinsa ba a kan waya ba ne, a kan waye ya fi wani ne. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, tambayar wace manhaja ce ke shanye data ta kusa kamo ta caji. Masu ba da shawara ma sun canza. Matasa ne a TikTok da YouTube suna ɓare kwali a gaban kyamara suna jero girman memori da ƙarfin kyamara, wasunsu sun san abin da suke faɗa, amma ba kowanne ke bayyana cewa mai shago ne ya ba shi wayar ba. Ni dai na fi yarda da mai gyara a Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Shi ba sabuwar waya yake gani ba, yana ganinta ne bayan wata takwas, ta faɗa ruwa ko wurin cajinta ya saki. Ya san wadda batirinta ke kumbura, da tsohuwar wayar Landan da aka canza wa fuska aka rufe, da wadda in gilashinta ya fashe sai ka jira a kawo daga Legas a kan rabin kuɗin da ka saye ta.