Chablis: Ma'ana da asalin sunan

Chablis sunan wani ƙaramin gari ne a arewacin yankin Burgundy na ƙasar Faransa, kimanin kilomita 180 kudu maso gabas da birnin Paris. Daga garin ne farar giyar inabin da ake yi a kewayensa ta samo sunanta.

Da inabi nau'in Chardonnay kaɗai ake yin ta. Faransawa na kiran irinta "sec", wato busasshiya, domin ana barin yisti ya cinye kusan dukkan sukarin da ke cikin ruwan inabin, har zaƙi ya gushe, ɗan tsami ya rage.

Masana na danganta ɗanɗanonta da sanyin yankin da kuma ƙasarsa, wadda ta ƙunshi yumɓu da farar ƙasa da ɓawon kawa, tun zamanin da teku ta rufe wurin, shekaru kusan miliyan 150 da suka wuce.

Limaman Kirista masu zaman zuhudu ne suka bunƙasa gonakin. A shekarar 867 Sarki Charles ya bai wa waɗanda suka gudo daga Tours, saboda hare-haren 'yan Viking, mazauni a Chablis. Na gidan ibadar Pontigny, wanda aka kafa a 1114, suka faɗaɗa noman. Ta kogin Yonne ake kai giyar kasuwannin Paris.

Sana'ar ta durƙushe a ƙarni na 19, lokacin da jirgin ƙasa ya fara kawo giya mai araha daga kudancin ƙasar, sannan ƙwaron filoksera ya lalata kurangar inabi. Ya zuwa shekarun 1950, gonakin sun ragu zuwa hekta 500 ko kusa da haka. Sun farfaɗo ne bayan manoma sun koyi kare tohon inabi daga matsanancin sanyin watannin Afrilu da Mayu, ta hanyar kunna wuta ko fesa ruwa.

A 1938 Faransa ta shata iyakar yankin a hukumance, ta yadda giyar da aka yi a cikinsa ce kawai za ta ɗauki sunan.

Sai dai kamfanoni a Amurka sun daɗe suna liƙa sunan a kan giyarsu mai araha, lamarin da manoman Faransa ke cewa yana zubar da darajar hajarsu. Yarjejeniyar 2006 tsakanin Amurka da Tarayyar Turai ta hana sabbin kamfanoni yin haka, amma ta ƙyale waɗanda suka riga suka fara.