Wasiƙar Kurtu a Zauren Manomi: Shaidar Tarihi daga Funtuwa da Malumfashi

Tarihin soja a Arewa, yadda aka saba rubuta shi, tarihin bataliya ne da hafsoshi. An san Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, an san gumurzun Kaladan a 1944 da na Myohaung a Janairun 1945, har barikoki suka ci sunayen wancan zamani, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Saurayin da ya ajiye hauya a ƙasar Maska ko ta Galadima, wato yankunan Funtuwa da Malumfashi, ya hau jirgin ƙasa a Funtuwa zuwa Depo ta Zariya, lamba ce kawai a irin wannan tarihi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne wasiƙun da irinsa suka aika gida shaida ce mai nauyi, kuma abin da suke shaidawa ya fi karkata ga gidan da aka bari fiye da fagen daga.

Zamani biyu ne abin dubawa, na Yaƙin Duniya na Biyu da na sojan sama bayan 1964. A Yaƙin Duniya na Biyu jirgin sama abin kallo ne ga talaka. Daga Satumban 1940 Ingila ta riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su bi ta Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Alƙahira. 'Yan ƙasa su share fili, su yi gadi, su gangara durom ɗin mai, kujerar matuƙi kuwa ta Bature ce. Sai a Afrilun 1964 doka ta kafa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya, da taimakon hafsoshin Jamus ta Yamma, aka tura samari horo Habasha da Kanada da Indiya, Kaduna ta zama cibiyar koyon tuƙi. Yaƙin basasa ya riski da yawansu a Yulin 1967 ba su gama ƙosawa ba, wata guda bayan haka jiragen MiG na Tarayyar Sobiyat suka fara sauka Kano. Kurtun zamanin farko yakan faɗa a rubuta masa, da ajami ko boko. Na biyu ɗan makaranta ne, alƙalaminsa a aljihu. Amma zaure ɗaya takardunsu suke sauka.

A nan ne wasiƙar take da daraja. Kudancin Katsina ƙasar laka ce mai auduga da dawa, a wancan zamani kamfanin auduga na BCGA yana da injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, noma kuma na gandu ne, tsarin da Polly Hill ta yi wa cikakken nazari a Batagarawa a littafinta na 1972: ɗa yana noma a ƙarƙashin uba, uba ya biya masa haraji, ya yi masa aure. Tafiya soja ta zare fartanya guda daga gandun, a lokacin da ɗiban gwamna na 1942 zuwa 1944 yake kwashe wasu majiya ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. Ta kuma sa kuɗin wata a hannun yaron da bai taɓa mallakar komai ba sai gayauna. Takarda ta iso, maigida ya kira malamin unguwa ko wani ɗan elemantare, a karanta da ƙarfi, ƙanne suna tsugune, mata suna saurare daga bayan danga. Idan ɗa ya ce a ɗauki 'yan ƙwadago a maimakonsa, a sayi ɗan maraƙi a turke da sunansa, ko a kai gaisuwa gidan wance, umurni yake bayarwa cikin harshen ladabi, a gaban shaidu. Ikon gida ya fara gocewa daga uba zuwa ɗa, kuma babu rahoton Razdan da zai nuna wannan dalla-dalla.

Za a ce ai wasiƙar soja tacacciya ce, hafsa ya karanta kafin ta fita, an hana ambaton wuri da asarar rayuka. Gaskiya ne, kuma wannan ya rage amfaninta ga mai neman labarin daga. Sai dai mai tacewa sirrin runduna yake tsaro, babu ruwansa da sadaki ko bashin iri. Akwai ma wata tacewar da ta fi ta hafsa ƙarfi, wato kunya: wanda ya san za a karanta takardarsa a zaure ba zai ce tsoro ya kama shi ranar da malami ya sauka ya bar shi shi kaɗai a jirgi ba, zai ce lafiya lau, a taya shi da addu'a. Wannan shirun ma bayani ne a kan abin da jama'a suka yarda namiji ya furta.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: muryar wa ake ji, ta kurtu ko ta marubuci? Buɗewar duk iri ɗaya ce, gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sai jerin sunaye. Haka ma wasiƙun sojoji da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta buga, jaridar da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, sun ratsa hannun gwamnati mai son a shiga soja. Amsar ita ce a karanta su da yawa a jere, domin inda salo ya zama ɗaya, nan saɓani yake fitowa fili: wa aka fara gaisarwa, wa aka tsallake, hannun wa aka ce a danƙa kuɗi, uba ko uwa ko wa. A gwada wannan da fayilolin Lardin Katsina da ke Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, sannan da wasiƙun 'yan sojan sama na bayan 1964, waɗanda babu marubuci a tsakani. Aikin gaggawa ne ga Gidan Arewa da sassan tarihi na jami'o'in Zariya da Katsina da Dutsin-Ma, tunda takardun suna cikin adaka da gafaka a gidajen magada, kuma tsofaffin da suka san wane ne wane a jerin gaisuwar suna ƙarewa.