Truett Cathy, Mai Gidan Abincin da Ba Ya Buɗewa Ran Lahadi

An haifi Truett Cathy a jihar Jojiya ta Amurka a 1921. Ya yi soja a zamanin yaƙin Hitila. Da aka sallame shi, sai shi da ɗan'uwansa Ben suka buɗe ɗan ƙaramin gidan abinci a Hapeville, kusa da Atlanta, a 1946. Dare da rana su ke sayarwa, kwana shida, amma ran Lahadi ƙofa a kulle, domin ma'aikata su huta, su je sujada in suna so.

A 1949 Ben ya rasu cikin hatsarin jirgin sama. Cathy ya ci gaba shi kaɗai. A 1967 ya buɗe Chick-fil-A na farko cikin wata babbar kasuwar Atlanta. Mai karatu, ka dai san ɗan kasuwa da riba: cinikin yini guda kowane mako ba ƙaramin kuɗi ba ne. Duk da haka bai sāke ba, ko da rassa suka wuce dubu.

Ya fi shekara 50 yana koya wa samari Littafi Mai Tsarki a makarantar Lahadi. Ya rasu a 2014 yana da shekara 93, ya bar matarsa Jeannette da 'ya'ya uku.