Wasa Ɗaya, Ayari Daban-daban: Nazarin Kwatance a Wasannin Tashe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda wasan tashe guda yake sauya kama daga ayarin yara zuwa wani. Ta aro dabarar kwatance daga gidan wasan Takarazuka na Japan, ta kuma nuna dacewar garin Zuru da irin wannan bincike.

1.0 Gabatarwa

Da zarar azumi ya kai goma, yara kan bi gida-gida da dare suna tashe. Littafin M. B. Umar, Wasannin Tashe (1981), ya taskace waƙoƙin da bayanin yadda ake gudanar da su, kuma manazarta suna cin moriyarsa har yau. Sai dai abin da takarda take iya riƙewa matani ne. Muryar jagora da taku da yadda masu amshi suke karɓa duk suna zubewa a hanya, alhali a nan ne ayari yake fin ayari.

2.0 Darasi Daga Japan

Takarazuka, wanda Kobayashi Ichizo ya kafa, ya fara wasa a 1914, kuma mata ne zalla suke hawa dandamalinsa, har da masu fitowa a maza. Yana da rukuni biyar. Rukunin Wata ne ya fara nuna wasan The Rose of Versailles a 1974, na Fure da na Dusar Ƙanƙara suka ɗauka a 1975, na Tauraro a 1976. Labarin ɗaya ne, amma akan gyara rubutun domin ya dace da tauraruwar rukunin, har wanda ake ɗauka a matsayin gwarzo yakan canza. Saboda ana ɗaukar wasannin a bidiyo, mai nazari yana iya jera su ya auna.

3.0 Tashe a Kan Wannan Ma'auni

A wasan Mairama da Daudu 'yan mata ne suke fitowa a miji da mata, ɗaya ta sa riga da hula. In wadda ta fito a Daudu ta cika taƙama, sai wasan ya zama zambo ga mazaje. In kuwa Mairama ce mai kunya da ladabi fiye da kima, sai ya koma tarbiyyar amarya, ko da kalma ɗaya ba ta sauya ba. A ganina wannan ne muhimmin abin da nazarin matani kaɗai ba ya kamawa.

Wasan Jatau Mai Magani ya fi buɗe ƙofar sauyi, domin jagoran yana ƙara saiwoyi da cututtukan da ya sani a garinsu. Tsoho da Gemu kuwa ya dogara ne ga rawar jiki da dogara sanda.

4.0 Zuru

Zuru ƙasar Lelna ce, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, masu harshen C'lela da bikin Uhola, kuma Hausa ce harshen kasuwa da cuɗanya. Yaron da ya tashi da harshe biyu, kunnensa ya saba da kiɗan al'umma biyu, shi ne ya fi dacewa a kwatanta da takwaransa na Sakkwato ko Kano ta fuskar furuci da karin murya da taku.

Ina kira ga sassan nazarin harsunan Nijeriya, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da su tura ɗalibai Zuru a azumi mai zuwa, su ɗauki wasa guda daga ayari uku ko huɗu, da izinin iyayen yaran.